Ragon Ɗorin Depite Aisami

Rago ɗaya ne bashin, kuma Depite Aisami ake bi. Mai binsa Malam Yakubu maɗori ne na Gure, wanda ƙofar gidansa ke kallon kasuwar dabbobi. Bashin ya shekara talatin da huɗu, kuma kowa a garin ya san da shi.

Ga yadda aka yi. Aisami yana saurayi, ko takalmin kirki ba shi da shi, ya faɗo daga kan kamiyon kanwa, babbar motar kaya, a hanyar Gidigir, cinya ta karye gida biyu. Aka kawo shi a amalanke. Malam Yakubu ya ja ƙafar, ya shafe ta da man shanu, ya jera kara ya ɗaure da igiyar kaba, ya kwantar da shi a zaure kwana arba'in yana ciyar da shi. To, gidan su Yakubu tun kakanni ba su karɓar kuɗin ɗori. Dabba ake ba su: yatsa kaza, hannu akuya, cinya rago. Kuma sai wanda aka ɗora ya jawo dabbar da kansa ya ɗaure ta a turken gidan. Kafin ya yi haka, ɗan gida ne, ba ya ba da shaida a kan gidan, ba ya ɗaga hannu a kan abin da zai taɓa shi. Shekarar fari ce, uban Aisami ko ɗan akuya ba shi da shi. Saurayin ya miƙe ya tafi da bashinsa a wuya.

Da Allah ya buɗa masa, ya aiko direba da rago a bayan motarsa kat-kat. Yakubu ya mayar, ya ce shi ba ƙafar shofer ya ɗora ba. Da ya zama depite, ɗan majalisa a Yamai, ya zo da kansa yana jan igiya. Yakubu ya shafa ragon, ya yaba ƙahonsa, ya ce, "Ba yanzu ba, ɗana. Turken ya ruɓe." Sau huɗu ana haka. Tsohon ba wawa ba ne. Rago kwana uku ne a tukunya, depite mai bashi kuwa ba ya ƙarewa. Famfon unguwa daga nan ya fito. Da jandarma suka kama ɗan maƙwabcinsa, waya ɗaya aka yi.

Fadilu ɗan ƙanwar Yakubu ne. Uwarsa Balkisa ta rasu yana shekara shida, a gidan kawunsa ya girma, kuma akuyoyin ɗorin nan ne aka riƙa sayarwa ɗaya bayan ɗaya har ya gama lakkwal, karatun boko. Yanzu shi lokotoron ƙashi ne a babban asibiti a Damagaram, mai yanka nama ya sa wa ƙashi ƙarfe. Wannan ma bashi ne, ko da ba a taɓa faɗin dabbarsa ba.

Lokotorocin ƙashi na ƙasar duka in ka tara su ba su cika motar haya ɗaya ba, amma suna da ƙungiya. Sun gaji da yanke hannuwan yaran da aka ɗaure musu karaya da ƙarfi har suka ruɓe. Suka rubuta takarda suna son majalisa ta yi doka: maɗori ba zai ƙara taɓa karayar yaro ba, ko karayar da ƙashi ya huda fata, wanda ya taɓa kuwa sai gaban alƙali. Suka raba 'yan majalisa a tsakaninsu, kowa ya je kamun ƙafa wurin na garinsu. Takardar kuwa ba ta isa gaban majalisa sai ta bi ta buron Aisami, wato ofishinsa, don shi ne shugaban masu duba harkar lafiya. In bai sa hannu ba, a durowa za ta tsufa.

Shi ya sa shugaban ƙungiyar da kansa, Lokotoro Husseini, ya taso daga Yamai ya ɗauki Fadilu a Damagaram, suka nufo Gure da jakar hotuna. A hanya, da Husseini ya fita sayen ruwa a Gidimuni, Fadilu ya buɗe jakar, ya zare hoto ɗaya ya sa a aljihun rigarsa. Bai gaya wa kowa ba.

Depite ya karɓe su da hantsi a rumfar gidansa, gaban masu zuwa gaisuwa, da gasasshen nama da shayi. Ƙato ne, da ɗan ɗingishi kaɗan wanda sai mai lura zai gani. Husseini ya yi ta zuba bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, yana jera hotuna kan tabarma. Depite ya duba uku, ya ture farantin naman.

"Kai, lokotoro, ka hana ni cin abinci."

"Onorabul, mu kullum a kansa muke karyawa. Bara kawai a Damagaram mun yanke hannu goma sha tara, ƙafa bakwai."

"Na ji, wallahi na ji. In don ta ni ne, yau ɗin nan na sa hannu." Ya bugi cinyarsa. "Amma wannan ba tawa ba ce. Tambayi ɗan'uwanka, a zaurensu na kwanta. Ana bina rago."

Husseini ya yi dariya, ya zaci wasa ne. "Rago nawa ne a kasuwa, Onorabul? Ƙungiya ta saya."

Fadilu ya ji kunya ta rufe shi. Depite bai ji haushi ba, murmushi ya yi irin na wanda aka kawo wa abin da yake so.

"Ka gani, Fadilu? Mutumin Yamai. Ka gaya masa ba ragon ne babu ba, turke ne ba a ba ni ba. Je ka wurin kawunka. Ranar da ya ce in kawo, na kawo, na kwance wuyana, sa'annan ku zo da biro in sa hannu. Na yi muku alkawari gaban mutanen nan."

A mota Husseini ya yi ta faɗa. "Dokar ƙasa ta tsaya a kan rago! Wannan wace irin ƙasa ce?"

"Irin wadda aka haife ka a ciki," in ji Fadilu. "In mun shiga, ka cire takalmi, kuma kada ka yi maganar kuɗi."

Bayan la'asar suka isa. Malam Yakubu na zaune a zaure kan buzu, ya tsufa ƙwarai, amma kafaɗun na nan. Ga damin kara a jingine, ga ƙwaryar man shanu. Matarsa Inna Zinariya ta kawo ruwa da fura, ta tsaya a ƙofar cikin gida tana jin gaisuwa.

"Ɗan Balkisa," in ji tsohon. "Mahaucin Damagaram. Wata biyar ban ga ƙeyarka ba. Ko an ce maka na mutu?"

"Aiki ne, Kawu."

"Aiki. Da can ma aikin kake, kana zuwa duk ƙarshen wata."

Fadilu ya gyara zama. Ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo su, bai ɓoye komi ba: dokar, abin da za ta hana, da maganar depite. Tsohon ya saurara yana jan gemu.

"Wato in karɓi rago, in kwance Aisami, shi kuma ya ɗaure ni."

"Ba kai ba, Baba," in ji Husseini. "Masu ɓarna."

"To nuna mini ɓarnar."

Husseini ya jera hotunan. An ɗauke su ne tun kafin a kwance ɗaurin, don a ga yadda aka kawo yaran. Fadilu ya zaci kawunsa zai kau da kai. Ina! Ya ɗauki na farko ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, bai ko kalli baƙin yatsun ba, ɗaurin ya ƙura wa ido.

"Wannan robar taya ce. Mai facin keke ne ya yi shi." Ya jefar. Ya ɗauki na biyu. "Wannan ƙullin jaki ne. Wannan kuma katako ya sa, kafinta ne. Wannan na san hannun, wani ne a bayan Alakoss, ubansa wanzami ne, bai gaji ɗori ba, na sha aika masa ya bari." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ashirin da uku. "Lokotoro, ko ɗaya babu maɗori a nan. Ka kawo mini aikin 'yan shigege ka ce in biya. Kai in wani ya sa farar riga ya yanka mutum a kasuwa, asibiti za a rufe?"

Husseini ya shiga tsince hotunan da aka jefar.

"Gidan nan," in ji tsohon, murya na tashi, "muna zagaya kaba sau uku, mu mayar da bakin igiyar ta ƙasa, ba mu ƙullawa. In mun gama, mu cusa ɗan ƙaramin yatsa ƙarƙashin igiyar. In ya shiga da sauƙi, jini na da hanya. Mu taɓa yatsun mai karaya mu ji ɗuminsu. Kakana haka ya yi, ubana haka. Shekara hamsin ina yi, hannu ɗaya bai ruɓe a zauren nan ba. Ɗan Balkisa, ƙarya nake?"

Fadilu ya ji hoton a aljihunsa kamar garwashi. Zai iya cewa gaskiya ne, Kawu, su sha fura, su koma. Husseini bai san an zare hoton ba, ba wanda zai tambaye shi. Amma shi ne ya riƙe zarton, kuma shi ne ya fito ya samu uban yarinyar da ke cikin hoton zaune a ƙasa a ƙofar ɗakin aiki, ya ce masa a yi haƙuri.

"Lokotoro Husseini," ya ce, "don Allah ka jira ni a mota."

Husseini ya dube shi, ya tattara hotunansa ya fita. Fadilu ya jira har ya ji an rufe ƙofar mota, sa'annan ya zaro hoton ya ajiye gaban kawunsa da hannu biyu.

Tsohon ya kai shi bakin ƙofa kamar sauran. Hannun yarinya ne, daga gwiwar hannu zuwa yatsu ya yi baƙi ya kumbura. Kara a jere tsaf, kamar an auna. Kaba ta zagaya sau uku, bakin igiyar ya koma ta ƙasa.

Ya ƙara matso da hoton kusa da idonsa.

"'Yar Ibram," ya ce daga baya. "Na Kelle. Wadda ta faɗo daga jaki."

"Nasira sunanta. Shekararta bakwai."

"Na ce su dawo bayan kwana bakwai. Ba su dawo ba. Na ce a raina sun gudu da akuyata."

"Kwana shida suka yi, Kawu, wari ya sa suka hau mota zuwa Damagaram. Da suka iso ba abin da ya rage. Daga nan na cire." Ya nuna saman gwiwar hannunsa.

"Kai da kanka?"

"Ni ne a bakin aiki."

"Na sa yatsa," in ji tsohon. "Wallahi na sa yatsa ƙarƙashin igiyar, ya shiga. Zinariya, kina nan, ba ki gani ba?"

Inna Zinariya ta shigo zauren sosai, abin da ba ta yi in da baƙi. Ta kama hannun mijinta ta juya tafin sama, ta nuna wa Fadilu. Tabon ƙuna ne a kan yatsu uku, wani sabo, wani ya warke.

"Butar shayi yake ɗauka daga kan wuta, ba ya ji," ta ce. "Tun bara. Ciwon sugan nan ya cinye masa yatsu. Ya cusa yatsan, na gani, da ƙarfi ya cusa shi, bai san da ƙarfi ba ne. Na ce Malam, yarinyar nan kukanta ba na karaya ba ne. Ya ce mace me ta sani a ɗori."

"Ki yi shiru."

"Na yi shiru wata biyar. Ga abin da shirun ya haifa."

Tsohon ya koma kan buzunsa ya zauna, ya ɗora hannuwan a gwiwa yana kallonsu kamar na wani.

"Shi ya sa ka daina zuwa," ya ce wa Fadilu.

"Ban san da wane ido zan dube ka ba, Kawu."

"Mutumin Yamai ya sani?"

"Ba wanda ya sani. A takardar asibiti na rubuta ba a san wanda ya ɗaure ba."

"Ka yi ƙarya don ni."

"Na yi."

"To ka biya akuyoyina ke nan, har da riba. Ba na binka komi." Ya faɗe shi ba da daɗi ba, kuma Fadilu ya fi son a ce zaginsa aka yi. "Je ka gaya wa Aisami ya kawo ragonsa. Gobe zan kafa sabon turke."

Washegari da safe suka koma gidan depite. Husseini sai fara'a yake, har ya fito da biro ya ajiye kan takardar. Fadilu ya isar da saƙo: Kawu ya ce a kawo.

Depite yana kurɓar shayi, ya tsaya da kofin a baki. Fadilu ya ga idonsa ya yi yawo, daga takardar zuwa mutanen da ke zaune a bakin rumfa, makiyaya da manoma da suka zo gaisuwa, waɗanda kusan kowannensu akwai ƙashin da aka taɓa ɗora masa ko ɗansa a zauren wani maɗori. Zaɓe kuwa saura wata huɗu.

"Alhamdulillahi!" in ji depite da ƙarfi. "Shekara talatin da huɗu! Amma ragon Malam ba za a tsinto shi a kasuwar Gure kamar na suna ba. Sai na aika Alakoss a zaɓo balami, wanda ya isa."

"Onorabul, Kawu bai ce balami ba. Rago ya ce."

"Kai yaro ne, Fadilu. Ka bar manya su san girman juna."

"To takardar fa?" in ji Husseini.

"Rago tukuna, lokotoro. Kai da ka ce ƙungiya ta saya, yanzu ka san al'ada ta fi ƙarfinmu."

Sati biyu, ba rago. Fadilu ya kira daga Damagaram, aka ce an tafi Alakoss. Ya sake kira, aka ce wanda aka samo yana tari. Husseini ya yi sintiri a buron depite a Yamai sau biyar, sakatare na ba shi kujera da ruwan sanyi. Majalisa ta rufe zamanta, kowa ya tafi neman ƙuri'a, takardar lokotoroci na cikin durowa.

Malam Yakubu kuwa ya kafa turken, na itacen aduwa, a tsakar gida. Daga ranar bai ƙara taɓa yaro ba. In an kawo, sai ya ce a tafi Damagaram. Wasu su tafi. Wasu su lissafa kuɗin mota da na hoto da na ƙarfe da na kwana, su juya amalanke su nufi wurin ɗan wanzamin nan na bayan Alakoss. A wata na uku Fadilu ya cire ƙafar wani yaro da aka fara kaiwa zauren kawunsa aka mayar. Ɗaurin robar taya ne.

Ranar da depite ya yi babban taronsa a filin kasuwar dabbobi, Fadilu na Gure, ya kawo wa kawunsa maganin suga. Suna zaune a zaure su biyu, lasifika na shigo musu har cikin kunne. Aka yi kiɗa, aka yi kirari, sa'annan muryar Aisami ta tashi.

"Jama'ar Gure! Mutanen Yamai sun zo har gidana da takarda, wai in sa hannu a kama maɗoranmu a kai su kaso, a kulle! Na ce su dubi ƙafar nan!" Aka ji bugun cinya a lasifika. "Ta Malam Yakubu ce! Har gobe yana bina rago, kuma ina alfahari da bashin! Muddin ana bina, hannuna ba zai hau takardarsu ba!"

Filin ya ɗauki sowa. Wasu samari suka taho da gudu har ƙofar zauren suna kiran sunan tsohon, suna ɗaga masa hannu. Ya ɗaga musu nasa, don ba yadda zai yi.

Da suka wuce ya ce, "Shekara talatin ina riƙe da igiya, ina cewa ni ke jansa."

"In fita in ƙaryata shi, Kawu? In ce ka ce ya kawo?"

"Su tambaye ka me ya sa na ce. Sai ka fito musu da hoton?"

Fadilu ya auna abin a ransa. In ya fito da shi, sunan gidan ya mutu a filin nan yau, shi kuma takardar ƙaryar da ya rubuta a asibiti ta tashi. In bai fito da shi ba, maganar depite ta zauna.

"Ka gani," in ji tsohon. Ya juya tafin hannunsa. "Ɗan Balkisa, kai da ka yi karatu. Yatsa kaza, hannu akuya, cinya rago, wannan na mai karaya ne. In maɗori ne ya ci hannun fa? Me zai ja zuwa Kelle?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Ubana ma bai faɗa mini ba. Bai taɓa bukata ba."

Inna Zinariya ta leƙo ta ce an kira sallah, kuma awakin maƙwabta sun sake shigowa suna goga jiki a sabon turken, ko a cire shi a huta?

"Bar shi," in ji Malam Yakubu. "Na ce ya kawo. Ko bai kawo ba, kada a ce turke ne babu."

Aisami ya ci zaɓe da rata mai yawa. Ragon bai zo ba.